Jigon Barin Gida a Ƙagaggun Labarai da Bukatar Masu Karatu a Adar

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda littattafai biyu suka sarrafa jigon balagar saurayi ta hanyar barin gida, sa'an nan a auna dacewarsu da azuzuwan yaƙi da jahilci a Madawa da Buza da Keita, cikin jihar Tawa.

Littafi na farko shi ne Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970. Tauraronsa ya bar ƙauye ya nufi birni, ya faɗa cikin miyagun abokai. Sunan littafin kansa ya yanke hukunci tun kafin a buɗe shi, wato abin da ake hange a birni ruɗi ne kawai. Na biyu shi ne Abboki ou l'appel de la côte na Mahamadou Halilou Sabbo, wanda aka buga da Faransanci a 1978. Shi kuwa ya bi sawun samarin Nijar masu gangarawa ƙasashen bakin teku, da wahalar da ke tarye su can.

Dukkansu gargaɗi ne, kuma a nan ƙarfinsu da rauninsu suke. Gargaɗin yana tafiyar da labari kai tsaye, amma yakan mai da tafiyar ta zama kuskuren saurayi. A ƙasar Adar kuwa al'amarin ya fi haka sarƙaƙiya. Farin 1973 da na 1984 da zaizayar ƙasa sun sa hatsin gona ba ya kai iyali wata damina. Sau da yawa da yardar uba ɗa yake fita ci-rani, don ya cike gurbin rumbu, ya kuma tara kuɗin aure. Ashe rikicin da ya cancanci alƙalami shi ne na wanda ya ciyar da gida daga nesa, ya dawo ya tarar har yanzu ba a jin maganarsa. Haka nan matar da aka bari: a aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da taimakon Italiya, mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin farfaɗo da ƙasa.

Akwai kuma matsalar harshe. Littafin da ya fi kusa da rayuwar Adarawa yana cikin Faransanci, wanda ke cikin Hausa kuma karin Kano ne, inda ake cewa tafiya a maimakon tahiya.

Saboda haka ya kamata masu tsara littattafan manya su fassara Abboki, su kuma nemi sababbin labarai daga marubutan yankin, tare da barin Adaranci a bakin taurari. Mai koyon karatu ya fi riƙe littafin da ya ga gidansu a ciki.