Kwatancen Girki: Martani Ga Masu Cewa Ba Mu Da Ma'auni

A wata walimar amarya da na halarta a Zariya, an gayyato wata malama da ta yi karatun girki a makaranta domin ta yi wa amarya da ƙawayenta nasiha. Ta yi magana mai ma'ana a kan tsafta da tattali, har ta gangaro inda ta ce babban ciwon girkinmu na Hausa shi ne rashin ma'auni. In kin tambayi tsohuwa yadda ake miyar kuka, in ji ta, sai ta ce miki sa gishiri kaɗan, sa kanwa kaɗan, sai ka ce kaɗan ɗin wani mudu ne da ake sayarwa a kasuwa. Aka yi dariya, aka tafa mata. Ni dai ban tafa ba, kuma tun ranar maganar take ci mini tuwo a ƙwarya.

Abin da malamar ta raina yana da suna a bakin mata. Kwatance ake ce masa. "Don Allah Yaya, yi mini kwatancen faten nan naki." Kalmar da muke amfani da ita ke nan in baƙo ya tambayi hanya, kuma aikin iri ɗaya ne. Mai kwatancen hanya ba ta ƙirga maka taku. Cewa take in ka wuce masallaci za ka ga durumi, in ka ga durumin sai ka yanki hagu. Mai sauri da mai ɗingishi duk za su isa, domin durumin yana nan yana jiran kowa.

Rubuta girki daɗaɗɗen abu ne a duniya. Tun ƙarni na 10 Ibn Sayyar al-Warraq ya tara girke-girke sama da 600 a Bagadaza. Amma sigar da malamar ta ɗauka ita kaɗai ce girki, wato jerin kayan haɗi a gefe guda da adadin kowanne, ba ta cika shekara 200 ba. Eliza Acton ce ta yaɗa ta a Ingila da littafinta na 1845, sannan Fannie Farmer ta Boston a Amurka ta kafe a kan shafaffen cokali da shafaffen kofi a nata na 1896. Mu kuma ta iso mana ta ajin girki na makarantun 'yan mata, ta bi ta shafin mata a jarida, ta shiga rediyo da talabijin, har zuwa shirin Akushi da Rufi na tashar Arewa24, yanzu kuma ga ta a wayar kowa. A kan kek da burodi da cincin ba ni da ja, a auna. Fulawar kamfani ce da sukarin kamfani, na yau da na gobe duk ɗaya. Maganata a kan tuwon dare ce, abincin da ake ɗorawa bayan la'asar kullum ta Allah.

Wace daddawa za a auna? Kalwa ake dafawa ta yi laushi, a surfe, a rufe ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, kuma kowace mai daddawa da hannunta. Ta wata dunƙule ɗaya ya game tukunya, ta wata sai kin sa uku. Daddawar batso da mutanen Maraɗi da Damagaram suka saba da ita kuwa wata duniya ce daban. Jar kanwa da ungurnu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Attaruhun da kika sayo ranar Litinin zai iya sa yara kuka, na ranar Alhamis ya zama kamar tattasai. Garin sabuwar masara da na wadda ta shekara a rumbu ba shan ruwansu ɗaya ba. Ita kanta wutar, ta icce daban, ta gawayi daban, ta risho da ta gas daban. Wadda ta rubuta "a dafa na minti goma" ba ta gaya mana a kan wane murhu ba. Hatta mudun da ake taƙama da shi, wanda ya yi awo a kasuwanni biyu ya san kowace kasuwa da girman nata.

Ga yadda Goggo, yayar mahaifina, ta yi mini kwatancen miyar kuka ina 'yar shekara 12. Tana zaune a kujera 'yar tsuguno, ni ina tsaye da kwanon kuka a hannu.

"Kin ga ruwan naman nan. Ki daka daddawa da barkono da 'yar citta da albasa ki zuba. Ki ƙyale su su yi ta tafasa har warin daddawar ya daina hawa kai, ya kwanta ya koma ƙamshi. In kin ji ya kwanta, ki ɗiga ruwan kanwa, ki zare icce ɗaya. To, barbaɗa."

Ina barbaɗawa, tana murza maburgi tsakanin tafukanta. Da na gaji na ɗan saki hannu, kukar ta zubo da yawa, sai ta ɗago ta harare ni.

"Ke 'yar nan, na ce barbaɗa, na ce zuba?"

Ta ci gaba da kaɗawa har gudajin da na jawo ya baje, sannan ta ɗaga maburgin sama. Miyar ta bi shi, ta ɗan tsaya, ta sulale ta koma. "Kin gani? Nan ake tsayawa. Kuka tana ƙara kauri bayan an sauke. In kika bari ta yi miki yadda kike so a kan wuta, kafin babanki ya dawo masallaci ta zama tuwo ta biyu."

A cikin wannan tsawar ta Goggo ma'aunin da malamar ta ce babu yake zaune. Ta neme shi a lamba ba ta gani ba, alhali yana cikin aikatau. Hausa ba ta da kalma ɗaya ta saka abu a tukunya. Ruwan kanwa ɗiga shi ake yi, kuma wadda aka ce wa ɗiga ta san ɗigo take ƙirgawa, ta san in ta zarce miyar za ta yi duhu ta ɗauki ɗacin kanwa. Kuka da garin kuɓewa da yaji barbaɗa su ake, wato kaɗan-kaɗan, a warwatse, hannu yana yawo a saman tukunya. Kalmar ta faɗi adadi, ta faɗi sauri, ta kuma faɗi dalili, tunda garin da ya faɗa wuri guda dunƙulewa yake. Ruwa a kan dambu yayyafa shi ake, don in kika zuba ya caɓe. Man gyaɗa ko man shanu a kan ɗanwake yaryaɗa shi ake, siriri, a zagaye. Magi marmasa shi ake. Ƙullin ɗanwake jefa shi ake cikin tafasasshen ruwa. Ruwan da ya yi yawa a tsiyaye shi. Sai can a ƙarshen layi ake samun zuba, bayanta kuma antaya, wadda ba a faɗa sai in ana zargi: "Wa ya antaya wa miyar nan gishiri?" Daga ɗiga zuwa antaya tsani ne mai hawa-hawa, kowace yarinyar da ta tashi a gindin murhu ta san matakinsa. Abin takaici, yawancin girke-girken da ake rubutawa yau sun share tsanin duka sun bar "ki zuba" kaɗai, daga farkon shafi har ƙarshe, sannan a liƙa masa "cokali biyu" a ce an ci gaba.

Abokin aikatau a kwatance shi ne alama. Saurari duk macen da ta iya girki, za ki ji maganarta tana tafiya a kan ƙafa biyu: "in kin ga" da "sai ki". In kin ga mai ya taso saman jajjage, sai ki tsaida ruwa. Wannan gajeriyar jimla ta fi agogo gaskiya, domin man ba ya tasowa sai ruwan tumatir ya ƙone, kuma a lokacin ne tsaminsa yake mutuwa, ko tumatirin damina ne mai ruwa ko na rani. In kin ga ɗanwake ya taso sama ya yi juyi, ya kusa. In talge ya fara tsalle yana harbin hannu, lokacin tuƙi ya yi. In muciya ta tsaya a tsakiyar tuwo ba ta kwanta ba, a rufe shi ya turara. Wasu alamun ma na hanci ne da harshe, kuma a nan Hausa ta yi wadata: gafin wake daban, ƙarnin kifi daban, baurin ganye daban, garɗin gyaɗa daban, ga lami, ga salam. Miya tana iya yin tsululu ko ta yi kirtif, shinkafa ta yi wara-wara, nama ya dahu luguf. (Wani abin dariya: masu rubutun da ba sa sa wa baƙaƙe lanƙwasa sukan rubuta "har ta yi kauri", mai karatu ba ta san ko kauri ake nufi ko ƙauri ba. A baki ba a taɓa yin wannan ruɗani ba.)

Na ɗanɗana kuɗata a kan dogaro da awo. Satina na biyu a gidan miji na ɗauko littafin da na kwafi girki a makaranta, na auna garin wake da na rogo da kuka daidai yadda aka rubuta, na jefa ƙullin duka. Ɗanwaken ya narke ya zama kunu. Da na ba Goggo labari, ko tambayar awon ba ta yi ba. Ta ce, "Ba ki jefa ɗaya kin gani ba? Kullum ɗaya ake fara jefawa. In ya watse ki ƙara kuka, in ya yi tauri ki ƙara ruwa." Takardata ta ɗauka garin duniya duk iri ɗaya ne. Goggo ta san mai niƙa yakan haɗa, kuka takan kwana ta rage yauƙi, shi ya sa kwatancenta yake ɗauke da gwaji da gyara a cikinsa.

Akwai kuma inda kowannensu yake farawa. Rubutaccen girki da jerin sayayya yake buɗewa: kaza ɗaya, karas, koren wake, kori. Kwatance kuwa da tambaya yake buɗewa: "Me kike da shi a gidan?" Matar da aka bar wa kuɗin cefanen da bai taka kara ya karya ba, ga yara shida, wannan tambayar ce take mata amfani. In babu nama, ga ƙashi ko busasshen kifi, in babu su a ƙara daddawa a daka wake a zuba. In alayyahu ya yi tsada ga zogale a bayan ɗaki, ga rama, ga yakuwa, a ɗiga mata kanwa ta rage tsami. A 2016, da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna har farashinsa ya gagari talaka, gidajen da suka dogara da jar miya sun sha wuya. Waɗanda ke da tsohuwa a kusa kuwa sun koma kauɗa, sun koma kuka da karkashi da busasshiyar kuɓewa, aka ci aka kwanta.

A ganina ma duk waɗannan rassa ne. Tushen kwatance ciyayya ce. A gidajenmu kwano ne yake fara tafiya, magana ta biyo baya. Maƙwabciya ta aiko yaro da miyar taushe a rufe da faifai, kin ci kin ji daɗi, washegari kina mayar da kwano ki ce a yi miki kwatance. Kafin ta buɗe baki harshenki ya riga ya san inda za a je, ya san kaurin kabewar da garɗin gyaɗar da ɗan tsamin yakuwar. Saboda haka in ta ce "kaɗan", kin san kaɗan ɗin da zai kai ki ga abin da kika ci jiya take nufi. Malamar walima ta ɗauko kalmar ita kaɗai, ta raba ta da kwanon da ta zo da shi, dole ta ga kamar ba ta da ma'ana. Girkin da ake koya a hoto kuwa ido kaɗai yake ciyarwa, shi ya sa ya fi ƙarfi a kan abin da ke da launi, soyayyiyar shinkafa da su salak. Miyar kuka ba ta da kyan hoto, sai aka bar ta a baya kamar ba girki ba.

Na san abin da za a ce mini: amaryar da aka kai Abuja ko Legas, gidan bene, ba Goggo ba maƙwabciya, ina za ta ga kwanon ciyayya? Gaskiya ne, kuma ita ce ta fi kowa buƙatar rubutu. Amma na lura ko ita, in tuwo ya yi mata gardama, littafi ba ya isarta, uwarta take kira. Uwar kuma daga Funtuwa ko Gusau tambayar farko da za ta yi ita ce, "Yanzu ya kika gan shi a tukunyar?"

Don haka roƙona ga masu rubuta girki da masu gabatar da shi a rediyo da talabijin: ku riƙe cokalinku da kofinku, ba wanda ya hana. Amma in kun rubuta cokali biyu na kuka, ku ƙara da cewa barbaɗawa ake yi, ku faɗi abin da za a gani a jikin maburgi in ta isa, ku kuma faɗi abin da za a yi in ta zarce. Ku je ku zauna da tsofaffin unguwarku da rikoda tun suna raye, ku rubuta kalmominsu yadda suka faɗe su.