Ibro: Gandiroban da Ya Sa Ƙasar Hausa Dariya

Ranar 10 ga Disamba 2014 Allah ya yi wa Rabilu Musa Ibro rasuwa a Kano, aka kai shi makwanci a garinsu Ɗanlasan, ƙaramar hukumar Warawa. Amma ta'aziyyar ba ta tsaya a Najeriya ba. A Nijar, daga Madawa zuwa Bangi, har Buza da Keita, duk gidan kallon da aka taɓa tayar da janareto an san muryarsa.

Gandiroba ne kafin ya rungumi wasan kwaikwayo, kuma da alama a can ya karanci halin ɗan Adam. Ibro ba sai ya buɗe baki ba. Ya zaro ido, ya karkace wuya, ya yi tafiyar nan tasa ta rangaji, tuni yara sun faɗi ƙasa. Waƙa da rawa kuwa nan ya fi ƙarfi: a fim ɗin Ibro Awilo ya ɗauko salon mawaƙin Kwango Awilo Longomba ya mayar da shi na tsakar gida. Wasu malamai sun yi tir, ba kuma a rasa dalilinsu ba.

A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace fina-finai ta Kano ta ɗaure shi kan fim ɗin Ibro Aloko. Tsohon gandiroba ya kwana a gidan yari, ya fito ya ci gaba da sana'arsa.

Masu kwaikwayonsa sun yi yawa, sai dai galibinsu ihun kawai suka ɗauka. Shi ya san lokacin yin shiru.

Allah ya jiƙansa da rahama.