Tsarin Ziyarar Birni Daga Bakin Na'ura: Nazarin Zubi, Jigo Da Sarrafa Harshe

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba wani sabon nau'in rubutun zube da ya shigo Hausa tun daga ƙarshen shekarar 2022, lokacin da manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu amsa tambaya suka yaɗu a hannun jama'a. Nau'in kuwa shi ne tsarin ziyara, watau jerin wurare da lokuta da na'ura kan shirya wa mai son ya yi kwana biyu ko uku a wani birni. Domin samun abin nazari, na nemi ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji, cikin Hausa, ta tsara mini ziyarar kwana biyu a birnin Kano, daga Juma'a zuwa Asabar. Na zaɓi Kano ne don na santa, saboda haka ba za a yi mini rufa-ido ba.

2.0 Abin Da Aka Gada

Rubutu a kan tafiye-tafiye ba baƙo ba ne ga Hausa. Akwai labarin Dorugu, wanda ya bi Barth zuwa Turai, ya kuma fito a cikin Magana Hausa na Schön a 1885. Akwai Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam (1944), wanda ya ba da labarin zuwansa Ingila a 1943, sa'an nan ga Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne, mawallafin ya je, ya gani, ya dawo yana ba 'yan'uwansa labari, yana auna abin da ya tarar da ma'aunin gida. Hujjarsa ita ce gani ya kori ji. Na'ura kuwa ba ta taɓa taka ko'ina ba. Aikinta shi ne kintacen kalmar da ta fi dacewa ta biyo wata, bisa ga ɗimbin rubuce-rubucen da aka horar da ita da su. Iliminta duk na ji ne, kuma mafi yawan abin da ta ji game da ziyarar Kano da Ingilishi aka rubuta shi, domin baƙin waje.

3.0 Zubi Da Tsari

Ba za a ƙi yaba wa na'urar ba ta wannan fuska. Ta kawo Gidan Makama, da Gidan Rumfa, da Kasuwar Kurmi, da Dala, ta kuma haɗa waɗanda ke kusa da juna a zango guda. Ta ambaci cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ake danganta wa kafa Kurmi, kuma haka yake a Tarihin Kano. Wanda bai san inda zai dosa ba ya sami abin riƙewa cikin ɗan lokaci kaɗan.

Amma fa ta raba yini ne gida uku, safe da rana da yamma, kowane da ƙarfe kaza. Yinin Bahaushe ba haka yake tafiya ba. Yana da asuba, da hantsi, da walaha, da azahar, da la'asar, da magariba, da lisha, kuma salla ce ke yanka masa gaɓoɓi. Sakamakon haka sai ta ajiye ni a Kurmi da ƙarfe biyu na ranar Juma'a, daidai lokacin da 'yan kasuwa suka tafi masallaci, hanyoyin da ke kewaye da Babban Masallaci kuma suka cika da sahu. Kuskuren nan na tsari ne, amma tushensa al'ada ce.

4.0 Jigo

Babban jigon rubutun shi ne kallo. Kowane sakin layi yana umartar mai karatu ya duba, ya ɗauki hoto, ya wuce. Kalmar ziyara kuwa a Hausa ta fi haka nauyi, domin mutum ake ziyarta kafin wuri. A cikin tsarin duka babu mai masauki, babu gaisuwa, babu rakiya, babu ban kwana. Tsaraba ma ta zama abin da matafiyi zai saya wa kansa don tunawa, alhali kuwa tsaraba ta waɗanda aka bari a gida ce. Wanda na'urar ke yi wa magana ɗan yawon buɗe ido ne mai sauka a otal, ba baƙon da Hausawa suka ce raɓa ne ba.

Har ila yau, akwai matsalar zamani. Ta ba ni shawarar in daidaita zuwana da Hawan Daushe, ta faɗi haka kamar abin da ba ya fashi. Gaskiya ne hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024, amma kuma an hana yin hawan a Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025 saboda dalilan tsaro. Ɗan gari da zai gaya wa baƙo wannan tun kafin ya ɗaure kaya.

5.0 Sarrafa Harshe

A nan ne aka fi samun rauni. Misalan da ke biye sun isa shaida:

(a) Ta kira Dutsen Dala da Tudun Dala.
(b) Ta kira ganuwa, ko badala, wadda aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134), da bangon birni.
(c) Ta kira marinar Ƙofar Mata da ramukan rini, ba ta kuma san karofi ba, balle baba da toka da katsi, ko mabuga inda ake buga tufa ta yi sheƙi.
(d) Ta siffanta wani wurin cin abinci da ɓoyayyen lu'ulu'u, wanda aro ne kai tsaye daga bakin masu tallan Ingilishi.

Abin lura shi ne, babu ɗaya daga cikin jimlolin nan da ta karya nahawu. Kalmomin Hausa ne, amma an bi ta Ingilishi kafin a iso gare su, watau sunayen da Turawa suka fassara daga Hausa su aka sake fassarowa, na asali suka salwanta a hanya. Bugu da ƙari, sigar umarni ta mamaye rubutun: je ka, hau, saya, ci. Bahaushe mai ba baƙo shawara yakan sassauta da "sai ka", ko "in da hali", ko "in Allah ya kai mu". Na'urar tana magana da tabbaci iri ɗaya a kan abin da ta daidaita da abin da ta kuskure, ga shi kuma an ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ta yaya zai tantance?

6.0 Kammalawa

Haɗarin da ke nan ya wuce na matafiyi guda ya tarar da rumfa a rufe. Irin wannan rubutu yana komawa cikin intanet, ɗalibanmu suna karantawa, wasu na'urorin kuma suna koyo daga gare shi. In aka yi sake, wata rana ɗan Kano zai rubuta ramukan rini a takardar jarrabawa, ya zaci daidai ne. Laifin kuwa ba na na'ura kaɗai ba ne, domin abin da aka ba ta shi take mayarwa. Tun bayan Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, me muka ƙara rubutawa da Hausa wanda baƙo zai riƙe ya zaga gari da shi?

Saboda haka ina ganin ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su sa ɗalibai su riƙa rubuta jagoran ziyara na garuruwansu, Katsina da Zariya da Sakkwato da Damagaram, da sunayen unguwanni da sana'o'i yadda masu su ke faɗa, a kuma wallafa su inda kowa zai samu. Kafin nan, mai niyyar tafiya yana iya karɓar tsarin na'ura a matsayin daftari, amma ya kai shi gaban ɗan gari ya duba masa. Matambayi ba ya ɓata, muddin ya san wanda ya dace ya tambaya.