Jinjina ga Masu Hidimar Debian

Wanda ya tsaya a rumfar mai POS a Shadawanka ya aika kuɗi, da ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke duba sakamakonsa a waya, ba lalle su san cewa akasarin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da intanet, da manhajar Linux suke aiki ba, balle su san Debian, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, wadda Ian Murdock ya assasa a 1993, 'yan sa-kai kuma suka riƙe ta har yau, ba ijara, ba tijara. Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne ladabinsu wajen fitar da sabon zubi: sai sun dakatar da ƙari, sun bi kurakurai ɗaya bayan ɗaya, mai ƙorafi ya kawo hujja, mai gyara ya jarraba, an yi muƙabala, wani lokaci har da ɗaga jijiyar wuya, sa'an nan a saki, galibi bayan shekara biyu, haka Debian 12 ta fito a Yunin 2023. Matasanmu na Bauchi masu ilmin kwamfuta, ku shiga a dama da ku, ko da da fassara zuwa Hausa ne.