Hannun da ke Tsare Gida Kafin Damina

Kwanar Dangora mahaɗa ce. A nan hanyar Kano zuwa Zariya ta haɗu da wadda ta karkata ta nufi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, ta bi ta ƙasar Doguwa zuwa Saminaka da Jos. Matafiyi shagunan bulo da rufin kwano yake gani a bakin titi, amma da zarar ka sauka daga kwalta ka shiga ƙauyukan Kiru da Bebeji, za ka tarar katangu da zauruka da rumbuna da yawa na jar ƙasa ne. Ga shi yankin ya fi arewacin Kano samun ruwa, kuma kana ƙara nausawa wajen duwatsun Riruwai damina tana ƙara tsawo da nauyi. Saboda haka duk gidan ƙasar da ka ga ya ga jika a nan, akwai hannun da yake bin sa da yaɓe kowace bazara.

Gwanin yaɓe ba da kwaɓa ƙasa yake farawa ba. Wajen watan Maris ko Afrilu, bayan hunturu ya gama tsattsaga bango, sai ya zagaya gidan a natse yana bin sawun ruwan bara. Inda ya ga zane ya sauko daga rawanin katanga, ya san ruwa ya sami hanya. Inda gindin bango ya rarake, ya san feshi ne ko kwata. Yakan ƙwanƙwasa da bayan yatsa: in wurin ya amsa da ƙarar kogo, tsohon yaɓe ya rabu da bango ko da ido bai nuna ba. Haka yake yi wa azara, don jin ko gara ta cinye cikinta ta bar ɓawo. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ruwa ya fi ƙadangare naci.

Sannan a zo kan ƙasa. Ba kowace ake ɗiba ba. Gwani yakan jiƙa 'yar kaɗan ya murza a tafinsa. In laka ta yi yawa, yaɓen zai daddare yana bushewa, don haka sai a ƙara yashi ko birji. In yashi ya rinjaya, ba za ta kama ba, ruwan farko zai wanke ta. Idan ya sami daidai, sai a zuba ramno ko yankakken bunun shinkafa, wanda ba ya wuya a ƙasar Tudun Wada, wasu su ƙara kashin jaki ko na doki. A tattake da ƙafa, a tara, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓewa, a sake zuba ruwa a tattake. Wannan jiran shi ne abin da mai gaggawa yake tsallakewa. Ciyawar ce take riƙe ƙasar kada ta tsage, ruɓewar kuma ita take ba ta danƙo.

Wajen shafawa ma akwai ƙa'ida. A kankare duk abin da ya saki har a kai ga ƙasa mai ƙarfi. A buɗe bakin tsaga, a share ƙura, a yayyafa ruwa, domin busasshen bango yakan zuƙe ruwan sabuwar ƙasa ya tofar da ita. Sai a jefa curin da ƙarfi ya shige kowane lungu, a bi da tafin hannu a lailaye. Babbar tsaga ba a cika ta rana ɗaya. A sa kaɗan, a bari ya sha iska, a ƙara. Shi ya sa za ka ji magini yana ce wa yaronsa, “Kai, sannu a hankali, ba kai ka tsaga ta ba.” Kuma ya fi son safiya da la'asar, don rana tsaka tana ƙona yaɓe kafin ya kama.

Hikimar da ta fi burgewa ita ce ta hana ruwa shiga, kuma duk daga daji da ƙofar gida ake samo kayanta. Makuba, wato ɓawon 'ya'yan ɗorawa da aka jiƙa, tana ba ƙasa duhu da tauri, ruwa ya riƙa zamewa a kai. Da ruwanta mata suke yayyafa daɓe suna bugu da madaɓi sa'ad da ake gyara ɗakin amarya. Sama da ita akwai laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da yauƙin dafara, shi ake shafa wa rufin soro da rawani. Marini da majemi da magini, kowa ya ba da abin da ya rage a sana'arsa, rufi ya shekara bai ɗiga ba.

Bayan haka sai indararo. Soro ba ya jure kwanciyar ruwa, don haka gwani yakan daidaita gangaren rufin ya nufi bakin indararo, ya zare sheƙar tsuntsu da ta toshe shi, ya tabbata ya miƙe nesa da bango, ya ajiye dutse inda ruwan yake zuba. Gindin katanga kuwa a tayar masa da dakali mai gangare zuwa waje. Mai rufin kwano shi ma yana da nasa: guguwar farkon damina ce take yaye rufi, don haka a bi ƙusoshin da suka ɗago, a buga sababbi a kan tudun kwanon, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, a ɗaure katakon rufin da bango da langa-langa.

Abin da gwanaye suka fi jan kunne a kai shi ne shafa siminti kai tsaye a bangon ƙasa. Yana da kyan gani, amma su biyun ba sa kama juna. Siminti ya tsage, ruwa ya shiga ta baya, ya rasa hanyar fita, bango ya yi ta jiƙa a ɓoye har marka ta Agusta ta kwantar da shi. Yaɓen ƙasa kuwa yana shan laima ya kuma sake ta, kuma lalacewarsa a fili take.

Wannan ilimi ɗaya ne da na manyan magina. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim wajen shekarun 1830, da tubali da azarar giginya aka tayar da bakan gizonsa. Gidan Makama a Kano ma da yaɓe yake tsaye. Abin da Sarkin Magina ya sani game da ƙasa da ruwa, shi manomin Dangora yake aiki da shi a katangar gidansa.

Kuma ba a rufe sana'ar take ba. Duk maigidan da zai tsaya kusa da tsohon magini bazara ɗaya, yana miƙa masa curi yana tambaya, zai iya ɗaukar ƙananan gyare-gyaren gidansa da kansa, ya bar wa gwani azara da rufi. Amma a tura yara su ma su tattake ƙasar, domin ba a koyon daidaita laka da yashi da baki, sai hannu ya taɓa.