Awon Tsoro: Nazari a Kan Jinyar Firgita da Madubin Kwaikwayo

Duk wanda ya taso a Maiyama ya san cewa in ƙashi ya karye ba a daɗe ana shawara, sai a kama hanyar Aliero, inda masu ɗori suke shafa gaɓa da hannu su gane inda ta goce. Amma in lalurar ta ɓoye ce, watau baligi mai cikakken hankali ya kasa shiga kwalekwale, ko hawa bene, ko tsayawa a yi masa allura, ba tare da jikinsa ya ɗauki ɓari gumi ya karyo masa ba, to, babu ƙashin da za a lalubo, sai a kai shi wurin malam a yi masa tofi da rubutu, ko kuwa, abin takaici, a laƙaba masa ragwanci a bar shi da kunyarsa.

Magabata ba su jahilci wannan ciwo ba, tun da su suka ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Abu Zaidi al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya keɓe wa tsoro da firgita babi guda a littafinsa na maslahar jiki da rai, ya kuma yi nasiha cewa mai firgita ya riƙa tilasta wa kansa gani da jin abin da yake gudu, har sabo ya kashe masa kaifi. Hikimar nan ce Joseph Wolpe, likita ɗan Afirka ta Kudu, ya tsara daki-daki a 1958. Ita ce kuma Barbara Rothbaum da Larry Hodges suka ɗora a kan kwamfuta a birnin Atlanta na Amurka a 1995, yayin da suka ɗaura wa ɗalibai masu tsoron tsayi wani madubi a fuska, wanda yake nuna musu kansu bisa siririyar gada ko barandar bene, alhali ƙafafunsu suna kan daɓen ɗaki.

Abin da aka ƙara daga baya shi ne leƙa ƙwaƙwalwa a daidai sa'ar da ake jinyar. Akan sanya wa majinyaci hula mai wayoyi da ke ɗaukar lantarkin da ƙwaƙwalwa take fitarwa, fasahar da Bajamushe Hans Berger ya fara gwadawa a kan ɗan Adam a 1924, ko kuwa a haska goshi da wani haske mai ratsa ƙoƙon kai don a ga yadda jini yake kai-komo. Abin da ake farauta muhawara ce tsakanin sassa biyu: amigdala, ɗan curi mai kamar ƙwayar gyaɗa da ke can ciki, wanda yake yin kururuwa tun kafin hankali ya tantance maciji ne ko tsumma, da kuma sashen bayan goshi, wanda yake tsawata masa.

A ganina fa'idar awon babba ce, musamman a wurinmu, inda kunya take hana namiji faɗin gaskiyar halinsa, ta yadda in likita ya tambaye shi yaya yake ji sai ya ce ba komai, alhali cikinsa ya ɗuri ruwa. Na'ura shaida ce da ba ta san kara ba. Tana iya taimakon likita ya san lokacin ƙara tsayin gadar da lokacin sassautawa, tana kuma iya zama hujja a gaban dangi cewa ɗan'uwansu cuta gare shi, ba raunin imani ba.

Sai dai wajibi ne a san haddin wannan shaida. Hular ba ta jiyo amigdala sosai saboda zurfinsa. Gumi da ɗaure fuska da ƙifta ido duk suna gurɓata abin da take rubutawa. Madubin kansa yakan sa wasu jiri, wanda ake iya ɗauka tsoro ne. Babbar na'urar maganaɗisu kuwa, mai ganin can ciki, sai an kwantar da mutum a ƙuntataccen rami ba motsi, abin da shi kansa wasu ke firgita da shi. Saboda haka sauyin zane a takarda bai isa a yanke hukuncin waraka ba, sai an ga mutumin ya taka gadar gaskiya da ƙafarsa.

Akwai kuma batun abin da madubin yake nunawa, domin dogayen benayen Atlanta ba su ne suke hana mutanen Maiyama barci ba. Da ɗaliban kwamfuta na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero za su haɗa kai da likitocin asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, a jihar Sakkwato, da abin da ya kamata su fara ginawa shi ne gulbin Zamfara a cike da damina, kamar yadda yake wucewa ta Jega, da kwalekwale yana tangaɗi a bakin gaɓa, domin matar da ta shekara goma ba ta haye ta gaida mahaifiyarta ba, ta fara sa ƙafa a cikinsa tana zaune a kan tabarma.