Sharhi kan koyar da "present perfect" na Ingilishi ta hanyar Faransanci

1. Gabatarwa

A Nijar ɗalibi yana soma Ingilishi ne a ajin farko na kwaleji, galibi bayan ya yi shekara 6 yana karatu da Faransanci. Saboda haka duk wani sabon abu na nahawun Ingilishi da Faransanci ake auna masa shi. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, ya wajaba mu sake duba wannan al'ada. A wannan ƴar maƙala za mu ɗauki darasi guda, wato lokacin da ake kira "present perfect", wanda a nan za mu kira shuɗaɗɗe mai tasiri. Takwaransa, na "went" da "saw", za mu kira shi shuɗaɗɗe tsantsa.

2. Darasin kamar yadda aka saba

Malami yakan rubuta "have" ko "has" a allo, ya biyo da siga ta uku ta aikatau, kamar "worked", "gone", "written". Ya nuna korewa da "not", ya nuna cewa a tambaya "have" ke gabatar mai aikatawa. Har nan ba mu da ja. Daga nan sai ya ce ginin daidai yake da na "passé composé", ya kuma ba da jerin kalmomi da za a hardace: "just", "already", "yet", "ever", "since", "for". A waɗannan matakai biyu ne muke ganin kuskure.

Kamar da ke tsakanin ginin biyu ta siga ce kawai. A Faransancin baka "passé composé" ya daɗe da karɓe aikin "passé simple", don haka yana ɗaukar kowane bayanau na lokacin da ya wuce. Ingilishi bai yarda da haka ba:

(1) J'ai vu Moussa hier.
(2) *I have seen Musa yesterday.

Jimla ta (2) ita ce kuskuren da muka fi cin karo da shi a takardun ɗalibai har a jami'a, kuma darasin ne ya haife ta. Wolfgang Klein ya keɓe maƙala sukutum a 1992 ga wannan ƙa'ida. Tun 1947 kuma Hans Reichenbach ya bambanta lokacin aukuwa, da lokacin magana, da lokacin da mai magana ke hange daga gare shi. A shuɗaɗɗe mai tasiri, aikin ya wuce amma daga yanzu ake hangensa. Bayanau irin "yesterday" kuwa yana mai da hangen baya, shi ya sa ba su haɗuwa.

Haka nan Faransanci na amfani da "être" ga wasu aikatau, sai ɗalibi ya ɗauko "il est arrivé" ya rubuta *"he is arrived". Jerin kalmomin ma bai tsira ba. "For" na zuwa da lokutan biyu: "I lived in Zinder for ten years" na nufin mai magana ya bar garin, "I have lived in Zinder for ten years" na nufin yana nan har yanzu. Kuma a Ingilishin Amurka ana jin "I just ate" kullum. Ɗalibin da ya dogara da jeri zai ci jarrabawar cike gurbi, amma ba zai iya rubuta wasiƙa ba.

3. Abin da Hausa ke bayarwa

Bernard Comrie, a littafinsa na 1976, ya rarrabe ayyuka huɗu na wannan lokaci. Idan muka jera su da Hausa, za mu ga uku daga ciki ɗalibi ya riga ya mallake su:

(3) Sakamako: Ruwa ya ɗauke. The rain has stopped.
(4) Taɓa yi: Ka taɓa zuwa Agadas? Have you ever been to Agadez?
(5) Aukuwa ta kusa: Yanzun nan ya fita. He has just gone out.
(6) Hali mai ci: Muna zaune a Maraɗi tun 2010. We have lived in Maradi since 2010.

A (3) shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, mai "ya", "mun", "sun", yana faɗin halin da ake ciki yanzu: ana iya fita. A (4) "taɓa" na yin aikin fili. Haka "riga" ke ɗaukar "already", korewa da "tukuna" ke ɗaukar "not yet". Bambancin "has gone" da "has been", wanda ke cinye wa malamai lokaci, jimla biyu ke warware shi: "ya tafi Yamai", yana can, "ya je Yamai ya dawo", ga shi nan.

Akwai kuma shuɗaɗɗen lokaci na biyu, mai "muka", "suka", ko "munka", "sunka" a karin yamma irin na Tawa. Shi ne ke jan zaren labari: suka tashi, suka shiga mota, suka isa da dare. A irin wannan jeri Ingilishi shuɗaɗɗe tsantsa yake sawa. Faransancin baka kuwa "passé composé" zai zuba daga farko har ƙarshe, ya ɓoye bambancin da Hausa ta fito da shi.

4. Inda Hausa ta gaza

Kada a ɗauka muna cewa a musanya wata ƙa'idar hadda da wata. Akwai wurare huɗu da Hausa za ta ɓatar da ɗalibi. Na farko, "sun zo jiya" jimla ce lafiyayya, don haka Hausa ita kaɗai ba ta hana kuskuren (2). Na biyu, a misali na (6) Hausa na amfani da lokaci mai ci, kamar yadda Faransanci ke cewa "nous habitons ici depuis 2010". Harsunan biyu ke nan suna tura ɗalibi ga *"we are living here since 2010". Na uku, "na sani" da "na gaji" sigar shuɗaɗɗe gare su, amma Ingilishi lokacin yanzu yake ba su: "I know", "I am tired". Na huɗu, "suka" na fitowa a tambaya da ganga dogarau ba tare da labari ba: "su wa suka zo?" na iya zama "who has come?".

5. Kammalawa

Ra'ayinmu shi ne a bar kwatanci da Faransanci ga siga kaɗai, kuma a faɗa wa ɗalibi tun ranar farko cewa nan kamar ta tsaya. Ma'ana kuwa a shigo da ita ta "taɓa", "riga", "tukuna" da bambancin "sun" da "suka". Sa'an nan a ware darasi na musamman ga "tun" da bayanau na lokacin da ya wuce, tun da a nan ne babu harshen da zai taimaki ɗalibi cikin biyun. Muna kira ga abokan aikinmu na sassan Ingilishi da na kimiyyar harshe da su tattara takardun ɗalibai Hausawa, a ƙidaya kurakuran bisa ayyukan nan huɗu, a kuma gwada su da na masu jin Zabarmanci ko Tamashek. Da wannan ƙidaya ce za a tabbatar da abin da muka faɗa a nan ko a gyara shi.